Sharhi: Kumallo, barci da hawan jini a makon komawa makaranta

Duk shekara da zarar watan Satumba ya kama, abubuwa uku ke haɗuwa a gidan talakan Arewa. Makarantu suna buɗe sabuwar shekarar karatu, damina tana shirin sallama bayan ta bar kududdufai da sauro, hatsin bara kuma ya ƙare alhali na bana bai gama shigowa gida ba. A cikin wannan matsi ne shafukan sada zumunta ke cika da nasihohi ga iyaye: a kwantar da yara da wuri, a ba su kumallo mai gina jiki, a rage musu kallon waya, uwa da uba su ma su nemi lokacin hutawa. Matasa da yawa kan karanta su yi tsaki, su ce zancen 'yan gayu ne, wanda bai san kuɗin makaranta na jiran sa ba shi ke da sukunin irin wannan magana. Suna da hujja, sai dai hujjar ba ta cika ba, domin wasu daga cikin abubuwan nan suna hannun gida, wasu kuwa gwamnati ce ta sauke su ta ɗora wa gida.

Kumallo na cikin kashi na biyu. Bahaushe ya ce sai da ruwan ciki ake jan na rijiya, kuma gwamnatin tarayya ta amince da haka tun a 2016, lokacin da ta fara shirin ciyar da 'yan aji ɗaya zuwa uku na firamare, a kan naira 70 kowane kwano, daga baya aka mayar da shi naira 100. Shirin ya sha suka, musamman a kan ƙididdigar ɗaliban da ake cewa ana ciyarwa da kuma kuɗin da aka kashe a 2020 lokacin da makarantu ke rufe saboda korona. Duk da haka, a ƙauyuka da yawa wannan kwano ne ke sa uwa ta saki yaro ya tafi aji. A watan Janairun 2024 aka dakatar da shi tare da sauran shirye-shiryen tallafi, bayan badaƙalar da ta taso a Ma'aikatar Jinƙai. A tsakiyar wannan shekarar ce kuma hauhawar farashin abinci ta haura kashi 40 cikin ɗari, bisa alƙaluman Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa. An ɗauke kwanon ke nan a shekarar da aka fi bukatar sa, tun daga nan kuma an sha jin alkawarin farfaɗo da shi.

Abin da ya rage wa gida shi ne dabara. Ɗumamen tuwo, ko koko da ƙosai, ko wake da ɗan manja, sun fi riƙe cikin yaro a kan biskit da lemon roba, kuma sau da yawa sun fi arha. Kuɗin tara da ake danƙa wa yaro a bakin ƙofa, mafi yawansa a wajen mai alewa yake ƙarewa kafin a buga ƙararrawar farko.

Maganar barci ce ta fi cancanta a tsaya a kanta, domin ita ce ba ta bukatar ko sisi, ita ce kuma aka fi yin watsi da ita. Likitocin barci sun ce yaro mai shekara 6 zuwa 12 yana bukatar awa 9 zuwa 12 a kowace rana, matashi mai shekara 13 zuwa 18 kuma awa 8 zuwa 10. Sai mu lissafa yinin yaro a Kano ko Zariya ko Sakkwato. Ana tashin sa da asuba, wajen biyar da rabi. Ya yi salla, ya yi wanka, ya fita kafin bakwai da rabi saboda gudun bulalar makara. Ya dawo ƙarfe biyu, ko ƙarfe huɗu idan makarantarsa na cikin masu ƙara darasin yamma a kan ƙarin kuɗi. Ya sauya riga ya wuce Islamiyya zuwa magariba. A wasu gidajen akwai karatun dare bayan haka, sannan jingar makarantu biyu tana jiran sa. Idan an yi sa'a an kawo wuta ƙarfe tara, gidan gaba ɗaya sai ya farka: a yi guga, a yi cajin waya, a kunna talabijin. Yaron da ya kamata ya kwanta takwas da rabi sai sha ɗaya ta same shi ido biyu. Idan yarinya ce, a ƙara mata wanke-wanke da ɗebo ruwa, wata ma har da talla.

Washegari malami ya gan shi yana gyangyaɗi, ya kira shi malalaci ko daƙiƙi, alhali yaron ya yi aikin da babban ma'aikaci ba zai yarda ya yi ba a biya shi kuɗin ƙarin lokaci ba. Babu mai cewa a ajiye Islamiyya, kuma duk wanda ya fara maganar daga nan ya riga ya rasa masu sauraro. Abin tambaya shi ne dalilin da ya sa masu makarantun boko da na Islamiyya na unguwa ɗaya, waɗanda yara ɗaya suke koyarwa, ba su taɓa zama su daidaita yawan jinga da lokacin tashi ba. Taron iyaye da malamai ya zama wajen sanar da ƙarin kuɗi kawai. A ganina da wuya a sami abin da zai ɗaga karatun yaranmu cikin zango ɗaya, ba tare da kasafin gwamnati ba, kamar a mayar musu da awa ɗaya ko biyu na barcin da aka ƙwace. A nan iyaye ba su da wanda za su zarga. Uban da ke hana yaro waya alhali shi yana kan TikTok har tsakar dare, yaron ya ga abin da ya gani.

Lafiyar ɗan makaranta kuwa ta faɗa tsakanin shirye-shirye. Kusan kashi ɗaya cikin huɗu na masu kamuwa da zazzaɓin cizon sauro a duniya a Najeriya suke, kuma a Arewa cutar ta fi tsananta a ƙarshen damina, daidai lokacin komawa makaranta. Maganin kariya da ake bi gida gida ana rabawa da damina na 'yan wata 3 ne zuwa wata 59. Allurar rigakafin da aka fara a Kebbi da Bayelsa a watan Disambar 2024 ta jarirai ce. Gidan sauro guda da ke ɗaki kuma uwa da jinjiri ke shiga, ɗan aji uku ya kwana a tabarma a fili. Sakamakon shi ne kwanakin fashi a makonnin farko, lokacin da ake aza harsashin karatun shekara. Haka annobar mashaƙo da ta ɓarke daga ƙarshen 2022, wadda Kano ta fi kowace jiha jin jiki a kanta, ta fi kama yara 'yan ƙasa da shekara 15 waɗanda ba su kammala allurarsu ba. A ajin da yara ɗari ke numfashi cikin ɗaki ɗaya, tari guda ya isa. Ranar rajistar ɗalibai dama ce ta duba katin rigakafi da cike giɓinsa, amma rasidin banki kaɗai ake tambaya.

Sai iyayen su kansu, waɗanda nasihohin ke ambata a layin ƙarshe. Tun da aka sanar da cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayun 2023, litar fetur ta tashi daga ƙasa da naira 200 har ta wuce naira 1,000 a ƙarshen 2024, kuɗin A Daidaita Sahu ya bi ta. Mafi ƙarancin albashi ya koma naira 70,000 a watan Yulin 2024, sai dai galibin magidantan Arewa ba 'yan albashi ba ne. Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta ce karatun shekara tara na farko kyauta ne kuma dole, amma wanda ya leƙa ajin da ba benci ba malami ya san abin da ke tura mai facin taya zuwa makarantar kuɗi. Don haka a makon farko za ka ga uba yana zillewa kiran mai makaranta, uwa ta ɗauki adashinta ko ta sayar da akuyarta, ta tashi ƙarfe huɗu tana hura wuta, ta kwanta bayan kowa. Abin da suka haɗiye a waje, a kan yara yake fitowa, da tsawa ko da mari a kan takalmin da ya ɓata.

Al'adarmu tana kiran wannan haƙuri, tana yaba wa mai shi har ranar da hawan jini zai kayar da shi. Ƙasar ta samu sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa a Janairun 2023, wadda ta maye gurbin ta 1958, amma ba ta iso tsakar gida ba tukuna. Abin da ya iso shi ne na'urar awon jini da ke kusan kowane kemis, wadda magidanci zai wuce shekara bai miƙa mata hannu ba. Akwai kuma zaman da miji da mata za su yi tun kafin a koma, su baje lissafi a fili, har su yanke shawarar mayar da yaro makarantar da suke iya biya ba tare da jin kunyar maƙwabta ba. Maƙwabtan nan ma da su za a haɗa kuɗin babur mai ƙafa uku guda. Kuma ba a taɓa jin rawanin wani ya faɗi ba don ya yi wa ɗansa wanka da safe matarsa tana ɗora tukunya.

Duk wannan lissafi na garuruwan da ake da tabbacin yaro zai dawo ne. A Kuriga ta ƙaramar hukumar Chikun, ranar 7 ga Maris 2024, da safe aka kwashe ɗalibai daga harabar makaranta, kamar yadda aka yi a Ƙanƙara a 2020 da Jangebe a 2021 cikin dare. Uwar da ke irin waɗannan wurare ba ta bukatar a gaya mata amfanin barci. Jihar Kano ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan ilimi a watan Yunin 2024, kuma 'yan takarar 2027 za su zo da hotunan azuzuwan da aka yi wa fenti. Masu riƙe da waya da katin zaɓe suna iya tambayar su makarantu nawa ne ke da famfo da banɗakin 'yan mata, nawa ne ke da katanga, kuma a wane layi na kasafin kuɗi aka rubuta kwanon abincin 'yan aji ɗaya.