Wa Ke Yanka wa Audugarmu Farashi?

'Yan'uwana ɗalibai, in aka tambaye mu abin da za mu karanta a jami'a, kowa sai ya ce likita ko injiniya ko lauya. Ban taɓa jin wanda ya ce zai karanta tattalin arzikin noma da cinikin ƙasa da ƙasa ba. Ni kuwa a ganina yankinmu na Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa yana matuƙar bukatar wannan ilmi.

Ga dalilina. Manomi shi ke shuka, shi ke noma, shi ke tsinkar auduga, amma ran da ya kai ta kasuwa wani ne ke gaya masa kuɗinta. A da, Hukumar Auduga mai hedkwata a Funtuwa ita ke yanka farashi. A 1986 gwamnatin Babangida ta rushe hukumomin sayen amfanin gona, aka bar manomi da kasuwa. Kasuwar nan kuwa ta duniya ce. In Amurka ta tallafa wa manomanta suka noma auduga da yawa, farashi sai ya faɗi, faɗuwar ta biyo mu har gida. Iyayenmu sai su yi ta zagin dillali, watau zomo ba ya fushi da makashinsa sai da maratayinsa.

A 2003 ƙasashen Benin da Burkina Faso da Mali da Chadi sun kai kukan wannan tallafi gaban Ƙungiyar Ciniki ta Duniya. Da ilmi da lissafi suka yi gardama, ba da fartanya ba. A 2021 'yar Nijeriya, Ngozi Okonjo-Iweala, ta zama shugabar ƙungiyar. Ashe ba abin da ya fi ƙarfinmu ba ne.

Wani zai ce, ana fama da 'yan bindiga, wa ke ta farashi? Gaskiya ne tsaro ne gaba. Amma wanda ya sayar da ransa ya nomo buhu goma, ai bai kamata a saye masa su a wulaƙance ba.

Ana koyar da wannan fanni a Jami'ar Ahmadu Bello, a Samaru ta Zariya. Saboda haka mu dage da lissafi da Turanci tun yanzu, domin rashin sani ya fi dare duhu. Allah ya sa mu dace, amin.