Majalisar Dokoki: Tsakanin Rigima Da Amshin Shata

Masu shekaru a yankin Faskari, Ƙanƙara da Sabuwa ba za su manta da Jamhuriya ta Biyu ba, lokacin da ƙasar Katsina ke cikin Jihar Kaduna. Majalisar dokokin jihar, wadda 'yan NPN ke da rinjaye a cikinta a ƙarƙashin Kakakinta Alhaji Mamman Abubakar Ɗanmusa, ta yi ta ƙin amincewa da kwamishinonin da Gwamna Abdulƙadir Balarabe Musa na PRP ya gabatar, har ta tsige shi a watan Yunin 1981. Ƙarfi kam majalisar ta nuna, amma kusan shekara biyu jihar ta yi babu kwamishina ko ɗaya.

Tun daga 1999 kuwa abin ya juye. Yawancin majalisun jihohi sun zama 'yan amshin shata: gwamna ya kawo kasafin kuɗi, a sa hannu cikin 'yan kwanaki, a watse. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Wanda yake jiran gwamna ya sakar masa kuɗin man mota da alawus ɗin zama, da wane baki zai tambaye shi yadda aka kashe dukiyar jama'a? Domin magance wannan aka gyara tsarin mulki a 2018, aka sake ƙarfafa gyaran a 2023, don majalisun jihohi su riƙa karɓar kuɗinsu kai tsaye. Sai dai rubuta doka daban, aiki da ita daban.

A ganinmu aikin da aka fi sakaci da shi shi ne bin diddigi. Sashe na 128 da na 129 na tsarin mulkin 1999 sun ba majalisar jiha ikon yin bincike da kiran kowane jami'i ya zo ya yi bayani. Manomin Ruwan Godiya, wanda 'yan bindiga suka sha hana shi zuwa gonarsa, bai damu da yawan ƙudurorin da aka karanta a zauren Katsina ba. Abin da yake son ji shi ne: kuɗin da aka ware wa tsaro da hanya da asibiti, ina suka shiga? Sace ɗalibai sama da 300 daga makarantar kimiyya ta Ƙanƙara a Disambar 2020 irin al'amarin da ya wajaba wakilai su bi har ƙarshensa ne, su buga sakamako kowa ya karanta.

To amma wakili ba ya iya wannan shi kaɗai. Mambobi 34 ne a majalisar Katsina, kuma kowane zaɓe kan kawo sababbin shiga. Wanda ke dawwama shi ne ma'aikaci: akawun majalisa, sakataren kwamiti, mai tsara doka. Su ya kamata a horar, a ba kwamitin asusun gwamnati ƙwararrun akantoci, a kuma ɗora masa wa'adin duba rahoton babban mai binciken kuɗi na jiha a bainar jama'a kowace shekara, kafin a taɓa kasafin shekara mai zuwa.