Kyan Ɗa Ya Gaji Ubansa: Kafin Ka Aika da Sabon Gem Zuwa Yerwa

Jama'a, yau maganata da ku ce, ku 'yan'uwa mazauna Ikko da Badun da Shagamu da Fatakwal, musamman mutanen Barno waɗanda suka baro iyali a Yerwa. Kowa ya san irin saƙon da kan zo daga gida in an ji mutum zai aiko da tsaraba. A da can turmin atamfa ne da agogo da rediyo. Yanzu kuwa sai ƙane ko ɗa ya bugo waya ya ce shi dai na'urar gem yake so, kuma sabuwar fitowa. Wani ma ba don wasa kaɗai ba, so yake ya buɗe ɗan shagon gem a Gwange ko Bulunkutu ya riƙa samun na cefane. Sai ka ga bawan Allah ya kwashi guminsa na wata da watanni ya nufi kasuwar Alaba, ya ce a ba shi ta ƙarshen fitowa, domin a ganinsa duk abin da ya zo daga baya ya fi na gabansa. To, ni ban yarda da wannan lissafi ba, ga kuma dalilina.

Bari in fara da misalin wani wasa da ake kira SSX, na kamfanin EA, wanda aka yi a reshensu na ƙasar Kanada. Wasan zamiya ne a kan dusar ƙanƙara. Mutum zai ɗaure ƙafafunsa biyu a kan allo guda, ya sulalo daga ƙolin dutse, yana tsere da abokan hamayya, yana tsalle yana wulƙitawa a sama don ya tara maki. A zahiri ma ana yin wannan wasa a ƙasashen sanyi, har an shigar da shi gasar Olamfik ta hunturu a 1998, a birnin Nagano na Japan. Na san wani zai ce, me ya haɗa kifi da kaska? Ina ruwan mutumin Yerwa, inda zafin watan Afrilu kan haura digiri 40, da ƙanƙara? A yi haƙuri. Na zaɓi wannan wasa ne domin zuriyarsa ta fito ɗaya bayan ɗaya har ta tsaya, saboda haka ana iya ganin inda ɗa ya gaji ubansa, da inda ya saki hanya.

Na farko ya fito a shekarar 2000, tare da na'urar PlayStation 2. A 2001 aka fito da na biyu, SSX Tricky. Masu shi ba su rushe ginin farko ba. Yawancin hanyoyin tseren na da ne aka yi wa kwaskwarima, aka ƙara biyu sababbi, aka kuma ƙaro wasu manyan wulƙitawa waɗanda sai gwani ya cika ma'auninsa kafin ya iya yin su. A 2003 SSX 3 ya zo da dutse guda mai ƙololuwa uku, wanda mutum zai iya sulalowa daga samansa har gindinsa a tafiya ɗaya ta kusan rabin sa'a ba tare da an katse shi ba. Wannan shi ne barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Kowane ya riƙe abin da ya tarar, sa'an nan ya ɗora nasa. Abin da ya fi muhimmanci a gare mu kuwa shi ne, a duka ukun, mutum biyu na iya zama gaban talabijin guda, a raba musu fuskarta gida biyu, kowa ya riƙe nasa madanni su fafata, 'yan kallo na ihu a bayansu.

Bayan wasu biyu da suka biyo baya a 2005 da 2007, sai aka yi shiru har shekarar 2012, lokacin da aka sake fito da wasan a PlayStation 3 da Xbox 360, da sunansa na asali. In ana maganar kyan gani, na 2012 ya fi magabatansa nesa ba kusa ba. An zana duwatsunsa daga hotunan tauraron ɗan'adam na duwatsun gaske, daga Himalaya har Alaska, har da dutsen Kilimanjaro na nahiyarmu. An sa wurare tara masu haɗari, wani sai da fitila a goshi saboda duhu, wani sai da tulun iskar shaƙa, wani kuma ƙanƙara ce ke zabtarowa tana bin mutum a baya. Masu sharhi a Turai da Amurka sun yaba masa, kuma ba su yi ƙarya ba.

Amma fa an cire abu guda. Babu sauran zaman mutum biyu gaban talabijin ɗaya. In kana son ka kara da abokinka, sai ka hau intanet, ka yi tsere da inuwarsa, wato hoton tseren da ya riga ya yi a wani lokaci daban. In babu intanet, sai ka yi ta wasanka kai kaɗai da na'ura. Ga wanda ke zaune a Landan, mai wuta dare da rana da intanet a ɗaki, wannan ƙaramar hasara ce. Ga mai shagon gem a Hausari kuwa, wanda abincinsa ke fitowa daga yara biyu da suka zauna su kara, wanda aka ci ya biya ko ya tashi, wasan da mutum ɗaya ke yi ba haja ba ne, ko da hotonsa ya kai me. Daga wannan na 2012 kuma har yau ba a sake haifar wani babban SSX ba.

Wanda bai taɓa ganin SSX ba ya ga irin wannan labari a wasan ƙwallo, wanda shi ne ran kowane gidan gem a ƙasar nan. Duk wanda ya yi zamani da PlayStation 2 ya san wasan kamfanin Konami, wanda wasu ke kira Winning Eleven, wasu PES. Har yau in aka ambaci na 2006 sai ka ji tsofaffin hannu na ajiyar zuciya. Kamfanin ya ci gaba da fito da shi a wannan tsohuwar na'ura har 2013, bayan haka ma masu dabara suka ci gaba da sa sunayen 'yan wasan bana a cikin tsohon faifai. Sai a ƙarshen Satumba na 2021 aka sauya masa suna zuwa eFootball, aka ce kyauta ne, kowa ya sauko da shi daga intanet. Ranar da ya fito, ƙungiyoyi tara kacal ke ciki ga mai son wasa da na kusa da shi. Babu gasar nan ta Master League da mutane suka saba gina ƙungiya a cikinta. Fuskokin 'yan wasa sun fito a karkace har abin ya zama abin dariya a duniya, kamfanin kuma dole ya fito ya ba da haƙuri. Gaskiya ne an yi ta gyara shi daga baya, kuma na wayar hannu ya samu karɓuwa ƙwarai. Amma abin da ake kira kyauta, a cikinsa ake sayar maka da 'yan wasa.

Nan ne gizo ke saƙa. A da, ciniki sau ɗaya ne: ka biya kuɗin faifai, ya zama naka, ka yi wasa da shi har ya karce. Yanzu kamfanonin sun gane cewa ribar tana wajen mai biya kullum. Kamfanin EA ya shigo da tsarin Ultimate Team a wasansa na FIFA a 2009, inda ake sayen ƙunshin katuna a rufe, ba ka san ɗan wasan da ke ciki ba sai ka buɗe. A shekarar kuɗinsa ta 2021, wannan tsari kaɗai, a dukan wasanninsa na motsa jiki, ya kawo masa dala biliyan 1.6 da ɗoriya. Hukumar kula da caca ta ƙasar Beljiyam ta duba irin waɗannan ƙunshe-ƙunshe a 2018 ta ce caca ce, a farkon 2019 kuma EA ya daina sayar da kuɗin wasan a can. To, in Turawan da suka ƙirƙiro abin sun tsorata da shi, ina ga yaron da ke riƙe da wayar uwarsa mai asusun banki a ciki?

Akwai kuma wani haɗari. Wasan da ransa ke hannun intanet, ranar da kamfani ya ga dama sai ya kashe shi. A ƙarshen Maris na 2024 kamfanin Ubisoft ya rufe wasansa na tseren mota mai suna The Crew, wanda ya fito a 2014. Waɗanda suka saya da kuɗinsu, har masu faifai a hannu, suka wayi gari ba ya buɗuwa. Alhali kuwa faifan SSX 3 na 2003, in dai bai karce ba, yau ka sa shi zai tashi.

Yanzu mu auna wannan duka da halin da Maiduguri ta sha shiga. A watan Mayu na 2013, da aka kafa dokar ta-ɓaci, an katse layukan waya a Barno makonni da dama. A Janairun 2021 'yan ta'adda suka fasa turakun wutar da ke zuwa daga Damaturu, aka gyara, suka sake fasawa a watan Maris, garin ya daɗe cikin duhu. Sai a Maris na 2023 aka buɗe tashar wuta mai aiki da gas, mai ƙarfin megawat 50. Watanni kaɗan bayan haka aka janye tallafin mai, kuɗin shayar da janareta ya ninka. Mai shago a irin wannan gari yana bukatar na'urar da ba ta shan wuta da yawa, wadda mai gyara a kasuwa ya san cikinta, wadda kuma ba za ta tsaya tana neman a sauko mata da sabon gyara daga intanet ba alhali yara na layi da kuɗinsu a hannu.

Na san abin da samari za su ce. Za su ce sabo turken wawa, tsofaffi ne kawai ke kewar ƙuruciyarsu. Akwai ƙamshin gaskiya a ciki. Sababbin wasanni sun fi kyan hoto, motsin 'yan wasa ya fi kama da na gaske, kuma yaron Yerwa na da haƙƙin ya kara da takwaransa na Alƙahira ko Faris in hali ya yi. Ni ma ban ce a tsaya a 2003 ba. Ai na nuna cewa SSX na biyu ya fi na farko, na uku kuma ya ɗara na biyu. Abin da na ƙi shi ne a ɗauki lambar shekara a bayan kwali a matsayin shaidar nagarta.

Saboda haka, ɗan'uwa, in ka shiga Alaba ko kasuwar kwamfuta ta Ikeja, kada ka tambayi wanne ne na ƙarshen fitowa. Ka tambayi mai kanti, shin mutum biyu za su iya wasan nan a talabijin guda? Zai tashi ba tare da intanet ba? Bayan na biya yau, akwai wani kuɗi da zai riƙa nema a ciki? Ka kuma duba ko na'urar tana da bakin sa faifai, domin tun 2020 akwai samfurin PlayStation 5 da ba shi da shi sam, kome sai an saya ta intanet. In mai kanti ya fara kame-kame, sa shi ya cire wayar intanet ya kunna a gabanka, ka kira yaron shagonsa ku zauna ku gwada.

In sabon ya ci wannan jarrabawa, saya, ka aika da shi da farin ciki, ya gaji ubansa. In ya faɗi, nemi na gabansa, ragowar kuɗin ka haɗa da madanni biyu masu ƙwari da ɗan abin sayen mai. Da tsohuwar zuma ake magani, kuma yaran da ke jiran saƙonka a Tashar Kano ta Yerwa, abin da suke so shi ne su zauna su biyu su buga.