Keken Kabon Na Hannu: Kada Ka Biya Sai An Yi Masa Sikanin

Tun da na saki bidiyon keken kabon da nake hawa a gefen kanal daga Ladywood zuwa Brindleyplace, tambaya ɗaya ke ta shigowa: "Na ga na hannu da araha a Facebook, in saya?" Amsata ita ce, kada ka biya sai an yi wa firam ɗin sikanin.

Ƙarfe in ya gaji, galibi za ka ga tsaga a fili ko ya lanƙwashe. Shi kuwa kabon zare ne da aka jera hawa-hawa, aka haɗe da gam mai tauri. Keke ya faɗi sau ɗaya, hawan ciki su ɗan rabu, fenti kuma yana nan yana sheƙi. Duk ramin da ka faɗa, duk burkin da ka kama, rabuwar tana ƙara faɗi, har ranar da zai karye da kai ba sallama.

Kun tuna jirgin ƙarƙashin teku Titan? Jikinsa na kabon ne. A 2022 an ji wata ƙara mai ƙarfi daga jikinsa, aka ci gaba da nutso da shi. Ranar 18 ga Yuni, 2023 ya murƙushe, mutum 5 suka mutu.

Wasu za su ce ai ana ƙwanƙwasa firam da kwandala, inda sauti ya dushe nan matsala take. Haka ne, ni ma ina yi. Amma wannan babbar rabuwa ta kusa da sama kawai yake kamawa. Abin dogaro shi ne sikanin na sauti, irin wanda ake yi wa masu juna biyu: sautin yana ratsa kabon, in ya ci karo da rabuwa sai ya dawo da wuri, na'ura ta nuna wurin. A Jami'ar Manchester ma, da hoton eksire mai fito da ciki da waje masu bincike ke bin yadda tsaga ke girma a irin waɗannan kayan.

Na san kuɗin sikanin zai rage arahar. To in lissafin bai fita ba, ka sayi na alminiyam, ka hau da kwanciyar hankali. Mai keken da ya ƙi yarda a duba kuwa, ka yi masa godiya ka kama gabanka.

Wa ya taɓa sayen na hannu a cikinku? Ku ba mu labari a ƙasa.