Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi: wa ya gina Masar a cikin Pyramids of Mars?

Shirin Doctor Who na gidan talbijin ɗin BBC da ke Ingila ya fara fita ran 23 ga watan Nuwamba na 1963, yana kuma cikin shirye-shiryen almarar kimiyya mafi tsawon rai a duniya. Daga cikin ɗaruruwan labaransa akwai wani mai kashi huɗu da ake kira Pyramids of Mars, wato Dalolin Duniyar Mars, wanda aka nuna daga 25 ga Oktoba zuwa 15 ga Nuwamba na 1975. Masoya shirin suna ɗora shi a sahun gaba, suna koɗa shi a matsayin gwanin labaran ban tsoro. Ban zo musun gwanintarsa ba. Abin da na zo faɗi shi ne, wannan yabo ya daɗe yana rufa asirin wani laifi, wato ƙwace wa mutanen Masar tarihinsu a miƙa shi ga wasu halittu na sararin samaniya. Malamin da ke koyar da tarihin Afirka bai kamata ya ji wannan ya kau da kai ba.

Ga yadda labarin yake a taƙaice. A shekara ta 1911 wani Baturen Ingila, masanin tonon kayan tarihi mai suna Marcus Scarman, ya fasa wani kabari a yankin Sakkara. A ciki ya yi kiciɓis da Sutek, wanda ɗan'uwansa Horus ya ɗaure tun dubban shekaru, igiyar ɗaurin kuwa tana can cikin wata dala a duniyar Mars. Sutek ya kashe Scarman, ya mai da gawarsa bawa, ya tura ta tsohon gidansa a ƙauyen Ingila domin ta haɗa makamin da zai tarwatsa dalar. Nan Dakta, matafiyin nan mai ratsa zamani cikin shuɗin akwati, ya sauka tare da abokiyar tafiyarsa Sarah Jane Smith. Tom Baker da Elisabeth Sladen ne suka fito a waɗannan matsayi. Sutek ya kusa kuɓuta, amma Dakta ya rutsa shi cikin hanyar da ke ratsa zamani, ya ja ta har tsufa ya kashe shi, gidan kuma ya ƙone ƙurmus.

Turawa suna kiran irin wannan salo gotik. Kayan aikinsa sanannu ne: tsohon gida, duhun dare, asirin da aka binne, da mataccen da ya ƙi kwanciya. Mai shirya shirin a lokacin, Philip Hinchcliffe, da mai tace labaransa, Robert Holmes, sun ɗebo wannan salo daga finafinan kamfanin Hammer, irin su The Mummy na 1959. Holmes ne ya sake rubuta labarin daga tsarin Lewis Greifer, aka fitar da shi da sunan aro Stephen Harris, wata mace mai suna Paddy Russell ta ba da umarni. Sun kuwa iya. Sutek yana zaune a kujera kusan tsawon shirin, fuskarsa rufe, ba ya ihu, muryar Gabriel Woolf kawai ke fita a hankali, amma ta isa ta sa tsikar jiki tashi. Wurin da Laurence Scarman ke nuna wa gawar yayansa hoton ƙuruciyarsu, yana roƙon ta tuna shi, ita kuwa ta hallaka shi, wuri ne mai taɓa zuciya. Haka wurin da Dakta ya kai Sarah shekara ta 1980 ya nuna mata duniya ta zama kufai idan suka gudu suka bar Sutek. Darasi ne mai kyau a kan gudun nauyi. Duk wannan na sallama.

To amma zuma da zaƙi take da harbi. A tsakiyar labarin Dakta ya bayyana wa Sarah cewa Horus da Sutek ƴan wata al'umma ce ta wata duniya, cewa yaƙinsu ne ya zama tatsuniyoyin Masar, kuma al'adun Masar ɗungurungum kwaikwayon tsarin waɗannan baƙi ne. Gawarwakin da ke yawo naɗe da tsumma ma ashe mutum-mutumi ne na ƙarfe. A duba wanda ya faɗi maganar. Dakta ne, wanda yaro mai kallo ya saba ɗaukar zancensa a matsayin gaskiyar shirin. Da jimla guda ya share aikin magina, marubuta, likitoci da masu lissafin ambaliyar kogin Nilu na shekara dubu uku, ya mai da su masu kwafi. Kura ta sha bugu, gardi ya karɓe kuɗi.

Ba Holmes ne ya ƙago wannan ra'ayi ba, a iska ya shaƙe shi. A 1968 wani mutumin Suwis, Erich von Däniken, ya fitar da littafin da ya yi kasuwa ƙwarai, inda ya ce baƙi daga sama ne suka koya wa mutanen da gine-gine. Cikin hujjojinsa har da zanen dutse na Tasili a Saharar Aljeriya, wanda Bafaranshen nan Henri Lhote ya laƙaba wa sunan babban ubangijin Mars. Shi ma von Däniken sabuwar riga ya sa wa tsohon zance. A 1871 Bajamushe Karl Mauch ya ga ganuwar Babbar Zimbabuwe ya ce aikin Sarauniyar Saba ne. Ko da David Randall-MacIver a 1905 da Gertrude Caton-Thompson a 1929 suka tabbatar ƴan Afirka ne suka gina ta, gwamnatin farar fata ta Rodeshiya ta ci gaba da matsa wa masana lamba su yi shiru, har Peter Garlake ya bar ƙasar a 1970. A 1910, shekara guda kafin lokacin da aka ɗora labarinmu, Leo Frobenius ya ga kawunan tagulla na Ife ya danganta su da ɓatacciyar ƙasar Atlantis. Sarauniyar Saba, Atlantis, duniyar Mars: sunan baƙon ne ke sauyawa, hukuncin ɗaya ne, wai ɗan ƙasa ba zai iya ba.

Abin takaici, a watan Janairu na 1974 hukumar UNESCO ta tara masana a Alƙahira domin tattauna asalin mutanen tsohuwar Masar, inda Cheikh Anta Diop da Théophile Obenga suka kare matsayin Masar cikin tarihin Afirka. Har yau masana suna jayayya a kan wasu ra'ayoyin Diop, wannan kuma halal ne a ilimi. Amma a wancan zaure babu wanda ya yi shakkar cewa mutane ne suka gina Masar. Bayan wata ashirin da ɗaya, miliyoyin yaran Ingila suka zauna ran Asabar da yamma aka gaya musu akasin haka.

Laifi na biyu shi ne yadda aka nuna Misirawan da ke raye. Biyu ne kacal masu suna. Ahmed, mai taimaka wa Scarman a wurin tono, yana ganin alamar idon Horus ya ranta a na kare tare da sauran leburori, ba a sake jin ɗuriyarsa ba. Ibrahim Namin, mai jar dara, wanda Baturen Ingila Peter Mayock ya fito a matsayinsa, ya mamaye gidan Scarman, yana harbin baƙo, yana bautar Sutek kamar yadda kakanninsa suka yi, kafin ƙarshen kashi na farko kuma ubangidan nasa ya kashe shi ya maye gurbinsa da Bature. Ke nan Bamisire ko dai matsoraci mai camfi, ko mugu mai tsafi, kuma ko a bautar mugunta bai isa a riƙe shi ba. A 1911 Masar tana ƙarƙashin mamayar Ingila tun 1882, tana da jami'ar Azhar, da jaridu, da ƴan kishin ƙasa. Ko alamar wannan babu a shirin.

Shi kansa Sutek an yi masa gurguwar fahimta. Shi ne Set na addinin tsohuwar Masar, kuma shirin ya haɗa sunansa da na Shaiɗan. A wurin Misirawan da, Set ubangijin hamada ne da guguwa. An ce shi ya kashe Osiris, amma an kuma ce shi ke tsayawa a goshin jirgin rana yana kare shi daga macijin duhu, har akwai fir'aunonin da suka ɗauki sunansa, irin su Seti na Ɗaya. Ba gumaka nake karewa ba, Allah ya tsare. Ina cewa ne wanda zai ba da labarin abin da wasu mutane suka yi imani da shi, wajibi ne ya faɗe shi yadda yake.

Masu kare shirin suna da hujjoji uku. Ta farko, wai wasa ne, ba darasin tarihi ba. Mu da muka tashi da tatsuniya mun san wasa ya fi wa'azi zama a kai. Babu yaron da aka koya wa halin Gizo da Ƙoƙi a kan allo, amma babu wanda ya manta. Ta biyu, wai ai labarin ya hukunta Baturen da ya fasa kabari, tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa ya doka. Gaskiya ne an hukunta shi, sai dai laifin da aka kama shi da shi ganganci ne, na buɗe ƙofar da ke tsare dodo. Ba a ce ya ɗauki kayan mutane ba. Akwatunan gawa da ya jibge a gidansa na Ingila, babu wanda ya tambayi da izinin wa suka ƙetare teku. Ta uku ta fi ƙarfi: wai shirin haka yake yi wa kowa, domin a labarin The Dæmons na 1971 an ce baƙi ne suka tura ci gaban Turai ma. Amsa ita ce, ba a taɓa mulkin Ingila da hujjar cewa mutanenta ba su iya gini ba, ba a kuma taɓa kwashe kayanta da sunan ba ta san darajarsu ba. Dutsen Rashid yana gidan tarihi na Landan tun 1802, kan Nafartiti da aka tono a 1912 yana Balin. Zolayar da mai ƙoshi zai yi wa dariya, ga wanda aka ƙwace wa akushi zagi ce.

Alhali hujja tana nan a ƙasa, gani kuwa ya kori ji. A Sakkara ɗin da labarin ya fara, nan dalar Fir'auna Josar mai hawa shida take, wadda tarihi ya danganta da Imhotep, mutum mai suna da muƙami. Daga 1990 Zahi Hawass ya tono kaburburan ma'aikatan Giza, Mark Lehner kuma ya tono garinsu da gidajen gashin burodinsu. A 2013 Bafaranshe Pierre Tallet ya samo takardun wani shugaban ma'aikata mai suna Merer a Wadi al-Jarf, bakin Bahar Maliya, inda ya rubuta yadda shi da mutanensa suke jigilar farin dutse cikin jirgin ruwa daga Tura zuwa Giza a zamanin Fir'auna Kufu. Shekara kusan 4,500 ke nan, ga rajistar aiki da hannun mai aikin.

Kada a ce zancen ya tsufa. A 2020 attajirin nan Elon Musk ya rubuta a Twitter cewa baƙin sama ne suka gina dalolin, har wata ministar Masar, Rania al-Mashat, ta gayyace shi ya zo ya ga kaburburan maginan. A 2024 Doctor Who ya dawo da Sutek, da muryar Gabriel Woolf, a lokacin da Ncuti Gatwa, haifaffen Ruwanda, yake matsayin Dakta. Ɗalibanmu kuma suna cin karo da irin wannan zance a YouTube da Facebook, an fassara shi da Faransanci, an yi masa ado da hotuna. Fasa kabari ma ba baƙon abu ba ne a gare mu. A 1975 ɗin da aka nuna shirin aka gano makabartar Bura a yammacin Nijar, Boubé Gado ya yi tono a can a 1983, daga baya ɓarayin kayan tarihi suka far wa yankin, har aka sa tukwanen Bura cikin jerin kayan Afirka da ke cikin haɗari a shekara ta 2000. Yaron da ya yarda kakannin wasu ba su iya komai ba, ba zai ga dalilin tsaron abin da nasa suka bari ba.

Ban ce a hana kallo ba. A Ingila Mary Whitehouse ta yi ta yaƙi da shirin a shekarun 1970 a kan yana firgita yara. Ta ga tsumman gawa, ba ta ga abin da aka naɗe a ciki ba. Tsoro a labari ba ya kashe yaro, mu ma da Dodo aka yaye mu. Abin da nake kira gare shi ya fi hani wuya. Ƙungiyoyin al'adu na Maraɗi, Damagaram, Tawa da Yamai da ke nuna finafinai, in sun sami wannan shiri ko ire-irensa, su nuna shi, su bar matasa su ji daɗinsa, sannan a kunna fitila a yi tambaya: wa ya yi magana, wa aka hana magana, kayan wa ke cikin gidan, kuma wa aka ce ya ƙera su? Malamin tarihi ya ajiye takardun Merer kusa da jawabin Dakta. Malamin kimiyya ma yana da rabonsa, domin shirin ya ce saƙo daga Mars minti biyu yake yi kafin ya iso, alhali ko a lokacin da ta fi kusa da mu sai ya ci minti uku.

Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Idan ɗalibi ya koyi yaba gwanintar mai ba da labari tare da kama shi in ya yi ƙarya, ya sami makamin da zai yi masa amfani a gaban kowane allo, ko na talbijin ko na wayar hannu. Wannan aiki kuwa ba BBC za ta yi mana shi ba, namu ne, mu malamai.