Darasin Michael Jordan: a yi wa tambari rajista kafin a ƙetare iyaka

A 2012 tsohon ɗan wasan ƙwallon kwando Michael Jordan ya maka kamfanin Qiaodan Sports a kotun China, saboda ya yi wa sunansa na Sinanci rajista yana sayar da takalma. Sai a Disambar 2016 Kotun Ƙolin ƙasar ta ba shi gaskiya, a wani ɓangare kawai.

A China, wanda ya riga rajista shi ke da suna, kuma kariyar tambari ba ta ƙetare iyaka. Haka abin yake a nan: rajistar Abuja ba ta aiki a Maraɗi, domin Nijar na ƙarƙashin hukumar OAPI, wadda rajistarta ɗaya ta game ƙasashe 17. Duk ɗan kasuwar da ya tura kaya kafin rajista, wani yake yi wa talla.