Adaidaita daga Urafan zuwa Gadabeji: me zai hana?

Akwai wani wasa da samarin Turai ke yi wanda da yawanmu mun sha gani a Facebook muna dariya. Su sami wata 'yar ƙaramar mota wadda ko Maraɗi ba ka yarda ta kai ka ba, su ce sai sun ratsa ƙasashe da ita, jama'a kuma na bin labarinsu suna zuba kuɗi don wani aikin taimako. Tun 2004 ake yin wanda ake kira Mongol Rally, wanda da farko daga Ingila ake tashi har Mongoliya. A Indiya ma akwai irinsa da babur mai ƙafa uku, wato adaidaitarmu ɗin nan. Cikin ayyukan da ake nema wa kuɗi ta irin wannan hanya har da na masu gadin namun daji a Afirka. A 2020, da korona ta tsayar da yawon buɗe ido albashinsu ya yanke, ƙungiyar Tusk ta ɓullo da gasar da masu gadin ke gudun kilomita 21 ɗauke da kaya mai nauyin kilo 22, don duniya ta san halin da suke ciki.

Sirrin abin shi ne ƙanƙantar motar. Wanda ya shiga kat-kat mai sanyi ba wanda zai bi labarinsa. Amma adaidaita ta maƙale cikin rairayi, yara sun taru suna turawa, bakanike na ɗaure ta da waya, wannan kowa zai tsaya ya kalla, kuma wanda ya kalla yau zai dawo gobe ya ga ko an fita.

To mu fa? Motar tamu ce, rairayin namu ne, namun dajin ma suna jaharmu. Arewa da Dakoro akwai gandun Gadabeji, mai faɗin eka dubu 76 a ma'aunin hekta, wanda aka keɓe tun 1955, UNESCO kuma ta sa shi cikin wuraren da take kula da su a 2017. Don mariri da barewa aka keɓe shi. Maririn ya ƙare ƙaf. Raƙumin dawa ma ya shafe kusan shekara 50 ba a gan shi can ba, sai a Nuwamban 2018 aka ɗauko takwas daga yankin Kure, aka yi tafiyar fiye da kilomita 800 da su cikin babbar mota. Irin raƙumin dawan nan na yammacin Afirka, a 1996 guda 49 suka rage a duk duniya, dukansu a Nijar. Yau sun haura 600. Ku tambayi abokanku na fada a Tasawa ko Mayahi mutum nawa suka san da wannan labari. Wallahi za ku ji kunya a madadinmu duka.

Dabbobin nan ba su tsare kansu ba. Akwai ma'aikatan gandun daji, akwai kuma 'ya'yan makiyayan yankin, Fulani da Buzaye, masu bin sawunsu cikin zafin bazara da sanyin hunturu. Aikin kuma ba na wasa ba ne. Ranar 9 ga Agusta 2020 a Kure 'yan bindiga suka kashe mutum takwas: Faransawa shida ma'aikatan agaji, direbansu, da shugaban ƙungiyar masu yi wa baƙi jagora wurin raƙuman dawa. Daga ranar baƙi suka ɗauke ƙafa. Bayan juyin mulkin Yulin 2023 kuma tallafin waje ya ja baya a fannoni da dama. Duk wanda ke jiran wani Nasara ya tuƙo adaidaita daga Turai ya zo ya saya wa mai gadin Gadabeji takalmi, zai daɗe yana jira. Kullum muna maganar 'yancin kai a dandali. To ga wurin gwada shi, mai araha ma.

Na san abin da wasu za su rubuta mini a ƙasa, kuma ba zan ce ba su da hujja ba. Za su ce: wai ɗan gandun daji za mu tara wa kuɗi? Wanda ya ci tarar tsohonmu don ya sare reshen gawo a gonarsa ta gado, wanda ke tare mata da itace a kai? Wannan tabo ne na gaske a ƙasar Tasawa da Mayahi. Shekara da shekaru doka ta mai da itacen gona kamar na gwamnati, manomi ya zama ɓarawo a gonarsa, har ya gwammace ya tumɓuke tsiro tun yana ƙarami da ya bar shi ya girma ya jawo masa tara. Sai da aka sassauta, manoma suka rungumi sassaben zamani, sannan itatuwa suka dawo a miliyoyin eka na Maraɗi da Damagaram. A 2020 ne gwamnati ta fito da dokar da ta amince manomi na da haƙƙi a kan itacen da ya raina. Wannan tarihi ya nuna mana cewa daji na tsaruwa ne idan mutanen wurin suna ganin nasu ne. Shi ya sa ma nake son tafiyar ta fito daga wurinmu, mu tsaya ƙauye-ƙauye, a zaunar da ma'aikaci da manomi da makiyayi ƙarƙashin itace guda, kowa ya amayar da abin da ke ransa. Mai gadin da mutanen Urafan suka saya wa taya zai yi wuya ya kalle su kamar masu laifi.

Wasu kuma za su ce mutane na fama da tsadar hatsi, kai kana zancen raƙumin dawa. Ai ba daga bakin mai jin yunwa za a karɓa ba. Daga kuɗin shayi da kuɗin intanet ɗinmu ne. Idan mutum dubu biyu cikin masu bin shafin nan suka ba da jika guda-guda, miliyan biyu ke nan na sefa.

Sai dai da sharaɗi, don mun san inda irin wannan abu ke lalacewa. Ko a na Turawan, wani lokaci za ka kalli bidiyo na rabin awa, mai gadin da aka ce dominsa ake yi bai fito minti biyu ba, sauran duk matafiya ne da gemunsu da ƙurarsu. Namu kada ya zama haka. Masu tafiya su ɗauki nauyin mansu da abincinsu daga aljihunsu, ko dala ɗaya kada ta fita daga asusun. Kuɗi su shigo ta Nita ko Amana a lamba guda, kowane dare a wallafa abin da ya shigo. Kada a danƙa wa kowane shugaba ambulan. A fara tambayar masu gadin da bakinsu me ya fi damunsu, ko takalmi ne, ko tayar babur, ko faranti mai hasken rana na cajin waya, ko akwatin magani, a sayo, a miƙa gaban jama'a da rasit. Kuma 'ya'yan makiyayan da ba su da kaki su sami kasonsu daidai da masu kaki.

Hanyar ba ta da wani nisa: Urafan, Tasawa, Mayahi, Dakoro. Daga Dakoro zuwa arewa rairayi zai gagari adaidaita, sai a ajiye ta a hau babura. Ranar masu gadin daji ta duniya 31 ga Yuli ce, amma wannan tsakiyar damina ne, kowa na gona, hanya kuma ba ta biyuwa. Gara bayan kaka, Disamba ko Janairu. Zancen tsaro kuwa ba a yi masa gaugawa: sai an nemi izinin hukuma a kowace gunduma, an sanar da ofishin gandun daji na jaha, an gaida sarakuna da magadan gari, kuma ba tafiyar dare.

Abin da ake buƙata don a fara shi ne mai adaidaita guda biyu da suka yarda da injinsu, bakanike ɗaya, wani mai jin Fulatanci ko Buzanci, da mutum biyu masu riƙe lissafi waɗanda ba sa cikin matafiyan. Mata su shigo, musamman wajen lissafin. Wanda ke da ɗaya daga cikin waɗannan ya rubuta sunan garinsa a ƙasa.